Fensiran da Aka Kafa wa Hadlock

Ni ne Otis Tackett. Idan ka taɓa zuwa Alder Ford ba a ambata maka sunana ba, to da baƙo ka yi hira. Shekarata saba'in da tara. Ramin kwal ya rufta da mu a Kentucky, mu bakwai, ni kaɗai na fito da ƙafata. Ciwon huhu ya kayar da ni sau uku, kuma likitan da ya ce ba zan ga bazara ba ni na haƙa masa kabari, na kuma yi masa mai kyau. Ban taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Wannan da kake karantawa da hannuna na rubuta shi. Lorene ta ɗakin karatu ta raba mini haruffan da suka hau kan juna, amma maganar tawa ce.

A bangon ɗakin karatun garinmu akwai wata takarda da ta jera duk masu sunan Hadlock da suka yi fice a ƙasar nan, marubuta uku da masu ƙirƙira biyu. Biyu daga cikinsu a maƙabartata suke kwance. Ba 'yan'uwa ba ne, ko a kakanni ba su haɗu ba. Orrin Hadlock shi ya ƙirƙiro sakatar ƙyauren gona mai rufe kanta, wadda ba wata saniya da ta taɓa iya buɗewa. Lemuel Hadlock kuwa littattafai ya rubuta a kan mutanen bakin kogi. Orrin ya rasu da daɗewa, bai bar kowa a gari ba. Lemuel ya bar 'ya ɗaya, Mis Verna.

Na zo garin ina da shekara ashirin da ɗaya, wata uku kafin babbar ambaliya. Ana neman mai kula da maƙabarta, aka tambaye ni ko na iya karatu, don akwai sunaye a kan duwatsun kaburbura. Na ce kamar ruwa. Yunwa nake ji, me kake so in ce?

Sai ruwa ya zo. Ya ɗauke gada, ya raba ni da gari, ya bar ni a tsallake daga ni sai alfadari da matattu. Ya cinye gefen maƙabartar na ƙasa, ya tumɓuke duwatsu, ya fito da akwatunan gawa goma sha ɗaya suna yawo a cikin gonar masara. Mutanen gari suna tsaye a ɗaya gaɓar suna kallo, mata na kuka. Ni na shiga ruwan nan har wuya da igiya a baki. Kwana tara ina janyo su ɗaya bayan ɗaya zuwa kan tudu, ina haƙa, ina binnewa. Ka nemo mini wani da ya taɓa yin haka a jihar nan, ina jira.

Dabarar da na yi ita ce, kowane akwati yana da ɗan faifan tagulla mai suna. Sai in kalli zanen haruffan, in je in nemo dutsen da zanensa ya yi kama da shi, kamar yadda ake haɗa takalmi da ɗan'uwansa. Tara sun tafi daidai. Biyun ƙarshe suka tsaya mini a wuya. Doguwar kalmar da ke kansu iri ɗaya ce, a kan duwatsun ma iri ɗaya ce, ƙananan rubutun faifan kuma tsatsa da laka sun cinye. Akwati ɗaya na katako ne, ya fara ruɓewa. Ɗayan na baƙin ƙarfe, ruwa bai ma iya ɗaga shi ba, mirgino shi ya yi, sai da alfadarin ya durƙusa sau uku kafin mu kai shi tudu. A wajen kansa akwai wani guntun bututu da waya tana lilo a ciki. Ban san amfaninsa ba, na lanƙwashe shi da guduma. Duwatsun ma ɗaya ƙato ne fari, ya kai ni tsayi, ɗayan bai wuce gwiwa ba.

Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Mutumin da aka yi wa akwatin ƙarfe ai babban mutum ne, shi ya dace da babban dutse. Na binne na ƙarfen a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke bakin hanya, na kafa masa farin dutsen. Na katakon na kai shi can ƙarshe, jikin shinge, na dasa masa ƙaramin.

Da aka gyara gada gari ya tsallako gaba ɗaya. Aka ɗaga ni sama, magajin gari ya rataya mini lambar yabo, aka ɗauki hotona da alfadarin aka kafa a zauren taro. Ana cikin wannan sai wata doguwar mace mai baƙar riga ta matso kusa da ni, ta dafa farin dutsen.

"Mista Tackett, ka tabbata babana ne a nan?"

Kowa ya zuba mini ido. Lambar tana ƙirjina, ko ɗumin jikina ba ta ɗauka ba.

"Da idona na karanta sunansa, Mis Verna."

Ta kama hannuna da hannu biyu ta yi godiya.

Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan coci, sai ta zo da furanni da 'yar kujerarta mai naɗewa, ta zauna gaban farin dutsen ta yi ta magana ƙasa-ƙasa har awa guda. Baƙi ma suka yi ta zuwa, malaman makaranta da ɗalibai da masu son su zama marubuta, wasu daga nesa ƙwarai. Kowa ya zo sai ya caka fensir a ƙasar kabarin, yadda ake yi wa marubuta. Wata shekarar sai ka ga wurin kamar bayan bushiya. Ba na cire su sai in zan yanke ciyawa, in gama in mayar. Shi kuwa na jikin shinge ba mai leƙa shi. Nan nake tara ciyawar da na yanke da busassun furannin da na kwashe daga kaburbura.

Ba zan ce ban taɓa tunawa caca na yi ba. Nakan tuna, sai in ce ai ban taɓa faɗuwa a caca ba.

Karatu ne ya jawo mini. Ina da shekara saba'in Lorene ta kama ni riƙe da jarida a kife, ba ta yi dariya ba, ta ce in riƙa zuwa da safe kafin mutane. Cikin wata takwas ina haɗa baƙi, ita da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin tsoho mai kaifin kai irina ba. Wata safiya ta fito da wani kwali na tsofaffin takardu da aka samo a rufin wani gida, ta ce in gwada karanta kanunsu. Na ɗauko ɗaya. Zane ne. Akwati dogo, bututu ya fito daga wajen kai ya huda ƙasa zuwa sama, waya a ciki, a can ƙarshenta 'yar ƙararrawa.

Na san akwatin nan. Na san adadin ƙusoshinsa. Na ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙasa na bi shi harafi-harafi, ina fata ya zama wani abu dabam. Orrin Hadlock.

"Af, ka samo abin kunyar gidan su Orrin," in ji Lorene. "Tsoron a binne shi da rai ne ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya ƙera wa kansa wannan, wai in ya farka ya ja wayar. A ciki aka binne shi, danginsa suka cire ƙararrawar suka rufe maganar. Baba Otis, lafiya? Ka yi fari fat."

Na ce kofi ne ya yi mini yawa.

Ranar da tsakar rana ina yanke ciyawa kusa da babbar bishiyar na fara jinta. Kililin. Sau ɗaya, siririya, kamar daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Na kashe injin yankan ciyawar. Rana ta take, ba iska, ba kowa a maƙabartar sai fensira a tsaye. Na sake tayar da injin, ta sake. Kililin, kililin.

Shekara uku ina jinta, kullum da rana tsaka. Na cusa auduga a kunne, na je likita ya ce kunnena ya fi nasa. Ni da na kwana biyu a cikin ramin kwal da gawar abokaina shida ban yi kuka ba, sai ga ni ina zagaye wata bishiya daga nesa kamar ɓarawo.

Floyd mai gidan abinci ne ya fara lura. Shekara arba'in muna zagin juna kowace safiya.

"Jarumin ambaliya, yau ma rabin ƙwai? Da ka ce kana cin dozin."

"Ƙwan naka ne ya tsufa kamar kai."

"Ka rame, tsoho. Ko mutanenka sun fara kiranka ne?"

"In sun kira ni kai zan tura, ka fi ni kama da su."

Ya yi dariya ya ƙara mini kofi, sannan ya sunkuyo. "Ka ji labarin Mis Verna? An sallamo ta daga asibiti. Sun ce ba abin da ya rage su yi mata, da wuya ta ga faɗuwar ganye."

Lahadin nan ta zo a keken marasa lafiya, wata ma'aikaciyar jinya tana tura ta. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta sallami matar ta ce ta jira a mota, ta yafito ni.

"Otis, zo ka auna mini nan." Ta nuna gefen hagu na farin dutsen. "Kusa sosai nake so. Kada ka bar wani fili tsakanina da shi."

"Haba Mis Verna, ke da za ki binne mu duka."

"Bar wannan, ba ni da lokacin wasa. Kai nake so ka haƙa, ba masu injin nan ba. Kai ka dawo mini da shi, kai za ka kai ni wajensa." Ta yi ɗan murmushi. "Ka san akwai wanda ya so ya aure ni ya tafi da ni Oregon, shekara biyu bayan ruwan? Mutumin kirki, mai manyan kunnuwa. Na ce ba zan bar babana shi kaɗai ba, ruwa ya riga ya ɗauke shi sau ɗaya."

Na durƙusa da awo a hannuna. Sha biyu ta yi. Kililin.

Na dube ta ko ta ji. Tana gyara furanni abinta.

Na auna wurin tsaf, na ce mata an gama, ta tafi. Satin nan ban ci abin kirki ba. Na yi ta lissafi a raina: in na yi shiru, wa zai sani? Ta mutu da farin cikinta, hotona ya zauna inda yake. Amma ni zan haƙa ramin, ni zan saukar da ita, ni zan tura ƙasa, ina sane da cewa na kwantar da ita jikin wani tsoho da ba ta taɓa gani ba, ubanta yana can jikin shinge ƙarƙashin ciyawa. Kuma bayan nan ba gyara.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki sandata ta ƙarfe, doguwar da muke caka wa ƙasa don gano inda tsohon kabari yake, na tafi gidanta. Tana kan baranda an lulluɓe ta da bargo.

"Me ya kawo ka da wannan mashin? Ai ban mutu ba tukuna."

Na cire hula. Na shirya jawabi mai kyau a hanya, duk ya gudu.

"Mis Verna, ban iya karatu ba lokacin."

"Wane lokacin?"

"Ranar da kika tambaye ni. Ko harafi ɗaya ban sani ba. Duwatsun biyu suka yi mini kama, na zaɓa da ka."

Na gaya mata sauran, akwatin ƙarfen da bututun da zanen da ke wajen Lorene. Ban gaya mata ƙararrawar ba.

"Yaushe ka sani?"

"Shekara uku."

"Uku." Ta juya kalmar a bakinta. "Lahadi ɗari da hamsin kana cire mini hula kana ce mini barka da zuwa." Ta kira ma'aikaciyar jinyar. "Ɗauko mota. Kai kuma shiga baya da sandarka. Ƙarya ka yi mini sau ɗaya, ba zan ƙara karɓar maganar bakinka ba."

A gaban farin dutsen na ture fensira gefe, na kafa sandar, na ɗora nauyina a kai. Shekarata saba'in da uku lokacin, amma ƙasa ta sha sandar nan kamar man shanu. Ta shiga ƙafa uku, huɗu, sannan ƙwal! Ƙarar ta hau sandar ta shige haƙorana.

"Sake."

Ƙwal!

"Da katako aka yi akwatin babana," in ji ta. "Ni na zaɓa." Ta dube ni. "Kai ni wajensa."

Keken bai iya bin ciyawar ba, sai na ɗauke ta a hannu. Ba ta kai nauyin buhun ganye ba. Na ajiye ta a kan benci jikin shinge. Ƙaramin dutsen ya karkace, gansakuka ta rufe shi, ga tsibin ciyawa, ga busassun furanni tuli. Na caka sandar, ta wuce ba ta taɓa komai ba sai wani abu mai taushi can ƙasa.

Ta miƙa hannu ta ɗauko wani ƙullin furanni da ya bushe, an ɗaure shi da shuɗin zare.

"Nawa ne wannan."

"Na makon jiya."

"Nan kake zubar da su? Duka?"

"Tun farko."

"Wato shekara hamsin da biyu babana yana samun furannina bayan sun mutu." Ta riƙe ƙullin a cinyarta. "Wancan kuma, mai sakatar shanu, ya ji abin da ban taɓa gaya wa fasto ba. Ya ji maganar Oregon. Ya ji ranar da na zagi Allah." Ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Kauce, Otis. Je ka tsaya inda ba za ka ji ni ba."

Na koma bakin ƙofa. Awa biyu tana magana, ina hango bayanta a sunkuye. Da ta gama ta ɗaga hannu na zo.

"Ba za a taɓa ƙasusuwan kowa ba, sun sha yawo. Duwatsun za a sauya. Kuma gobe bayan wa'azi za ka tashi a coci ka faɗa da bakinka. Ba ni zan faɗa ba, ba Lorene ba."

"Mis Verna, ko a bari kwamitin maƙabarta su..."

"Ka shiga ruwa har wuya a gaban garin nan. Tashi tsaye ba zai gagare ka ba."

Na faɗa. Na tashi da rigata ta Lahadi na faɗa da ƙarfi, har na bayan coci suka ji, don ni ban iya yin abu rabi-rabi ba. Ranar Talata aka kawo mota mai ƙugiya ta ɗauke farin dutsen ta kai jikin shinge, ƙaramin kuma ni na rungume shi na kai ƙarƙashin bishiya. Ɗalibai suka kwashe fensiran a kwando suka bi dutsen da su. Wata 'yar jarida ta zo daga birni. Cikin mako aka sauke hotona daga zauren taro, wai za a sake masa gilashi, har yau ana sakewa. Floyd ya daina ce mini jarumin ambaliya ya koma ce mini farfesa, amma bai taɓa barin kofina ya huce ba.

Mis Verna ba ta ƙara yi mini magana ba. Lahadi biyar ta samu a wurin da ya dace. Ta rasu ganye ya fara ja, kuma a takardar da ta bari an rubuta Otis Tackett ne zai haƙa, da shebur, ba da inji ba. Na haƙa. Ban bar fili tsakaninsu ba ko na tafin hannu. Cikin kaburbura fiye da dubu da na yi, ba wanda ya kai wannan kyau, gefunansa kamar an yanka da wuƙa.

Na ɗauka shi ke nan. Washegari na zo da injina, sha biyu ta yi, sai na ji ta. Kililin. Kililin, kililin, kililin. Ba ta taɓa yin yawa haka ba.

Na je na tsaya a kan ƙaramin dutsen. "Malam, me kuma kake so? Ga sunanka a kanka, na karanta da idona, wannan karon da gaske."

Kililin.

Na duba wurin. Ƙasa duk ƙananan ramukan fensir, babu fensir ko ɗaya. Ga sawun ƙafafun kujerarta huɗu, sun nutse a ƙasa tsawon shekaru, ciyawa ba ta rufe su ba tukuna. Can jikin shinge wasu baƙi uku suna ɗaukar hoto, ba wanda ya waiwayo nan. Mutumin da ya ƙera wa kansa akwatin ƙarfe don tsoron a manta da shi a ƙasa, an ba shi shekara hamsin da biyu ana zuwa ana yi masa hira, ni na ba shi bisa kuskure, ni kuma na ƙwace.

Na je gida na ɗauko kujera. Na sa ƙafafunta a cikin sawun na Mis Verna, suka zauna daidai.

Shekara shida ke nan. Kullum kafin sha biyu ina wurin. Ina ba shi labarin ramin kwal da na ruwa da na alfadarin, shi kaɗai ne a garin nan bai taɓa ce mini ya ji wannan ba. In labari ya ƙare in karanta masa jarida. Muddin ina magana ba ta kaɗawa. Na gwada karanta masa littafin Lemuel sau ɗaya, ban kai shafi biyu ba ta fara, sai na rufe.

Bara da sanyi huhun ya sake kayar da ni, karo na uku, na yi kwana goma sha ɗaya a asibitin birni, mil talatin daga nan. Kullum sha biyu ina jinta ta cikin matashin kai. Likitan, wani mai sanƙo, ya ce wa Lorene a shirya. Na tashi na sa takalmina da kaina.

Na riga na gaya wa kwamiti inda za a sa ni, gefen hagu na ƙaramin dutsen, kuma na auna wurin. Lorene ta tambaye ni dalili, na ce inuwar bishiyar nake so. Abin da ban sani ba, kuma nakan tambaye shi bai amsa ba, shi ne ko ana iya hira a can ƙasan. In ba a iyawa, to wani ne zai gaji kujerar, don wayar tana hannun Orrin.